Ruwan Kawu Tanko

Bana azumi ya sake faɗowa cikin bazara kamar yadda ya yi ina saurayi, shekara talatin da 'yan kai ke nan ya zagayo. Ranar Talatar da ta wuce na shiga ɗakin gwaji wajen ƙarfe ɗaya saura, babu wuta, fankoki a tsaye, ɗalibaina 'yan aji biyu na sashen injiniya sun jingina da tebura, leɓɓansu duk sun bushe. Darasin ranar ba mai wuya ba ne. Na ɗora bokiti cike da ruwa a kan tebur, na ajiye wani babu komai a ƙasa, na cika siririn tiyo da ruwa na toshe bakunansa da yatsu, na tsoma ɗaya a bokitin sama, na saki ɗaya a na ƙasa. Ruwa ya haura gefen bokiti ya gangaro, ba inji, ba mai zuƙa.

Wata ɗaliba 'yar Gombe ta tambaye ni yadda aka yi ruwa ya hau sama da kansa, bayan tun farkon zango nake gaya musu gangare yake bi. Na ce mata sauka yake yi, hawan nan hanya ce kawai. Muddin bakin fita ya fi saman ruwan bokiti ƙasa, kuma iska ba ta shiga tiyon ba, ruwan da ke gangarawa yana rage matsi a can sama, iskar da ke danne ruwan bokiti sai ta tura wani ya cike gurbin. Wani daga baya ya ce ai haka ake zuƙo fetur a tanki, suka yi 'yar dariya ta marasa ƙarfi. Na ce su rubuta ƙa'idar da ke biye: duk abin da ya fita ta nan, daga can ya ragu, bututu ba ya ƙirƙiro ruwa.

Na sallame su kafin lokaci. Na daɗe ina koyar da wannan darasi a jami'ar nan ta Wudil, amma bana ne jadawali ya fara haɗa shi da azumi da irin wannan zafi. A hanyar gida, daga kan gada, na hango fadama. Yanzu kusan kowane lambu da 'yar rijiyarsa ta bututu, da faranti mai ɗaukar hasken rana a jingine kusa da ita, kowa da ruwansa. Yara sun fara jera kulolin ƙanƙara a bakin titi tun la'asar ba ta yi ba. A wancan azumin babu ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ina aji uku a jami'a a Zariya aka rufe makaranta, aka ce mu tafi gida sai an neme mu. Na dawo Darki da akwatin ƙarfe, rabinsa littattafai, na tarar damina ta yi gardama. Gero bai kai rabin rumbu ba, dawa kuwa kusan kara kawai aka girbe. Kowa ya zuba ido ga lambu. In albasa ta yi, a ci abinci har zuwa sabon gero. In ba ta yi ba, sai yadda Allah ya yi.

Lambuna biyar ne a jere a fadamarmu, da injin ban-ruwa ɗaya na tarayya. Inji yana bakin kogi, yana zuba ruwa a wata hanya da aka ɗaga da ƙasa, tana bi ta saman lambunan, kowane lambu da bakinsa da ake toshewa da laka. Na farko na Malam Garba ne, shi ke kula da inji da rabon kwanaki. Mu ne na huɗu. Na biyar yana can ƙarshe, sai an ratsa wani fili mai yashi kamar taki ɗari biyu, na Kawu Tanko ne, yayan mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya. Rana ta farko lambuna biyu su sha, ta biyu mu da maƙwabcinmu, ta uku Kawu shi kaɗai saboda nisansa, sai a sake zagayowa.

Kawu dogo ne siriri, yana ɗan ɗingishi tun wani shurin jaki da ya sha yana yaro. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata biyu suna ɗakin aure, daga tukunyar Inna yake ci. Shi ya ɗaure akwatina a bayan kekensa ya kai ni tashar Wudil ranar da zan fara tafiya Zariya, kuma tun daga ranar bai sake kiran sunana ba. Injiniya yake ce mini, a gida da kasuwa, ba da wasa ba.

Kafin a ga wata kogi ya riga ya janye ya bar farin yashi mai kashe ido. Sai da muka haƙa rami a tsakiyarsa, ruwa yana tsattsafowa, inji yana zuƙa daga nan. Duk bayan kwana uku ko huɗu ruwan ya ƙara nutsewa, inji ya fara tari yana jan iska. Na yi musu bayani cewa akwai iyakar zurfin da kowane inji zai iya zuƙowa, komai ƙarfinsa, don haka sai a sauko da shi kusa da ruwan. Bayan sallar asuba mu biyar da shebur da kwanon sarki mu shiga ramin, mu ƙara zurfi, mu sassaƙa wa inji wurin zama, mu ciccibo shi ƙasa. Mai kuma ya yi wuya, saboda haka daga hantsi zuwa azahar kawai ake tayar da shi. Ruwan da yake bayarwa bai kai rabin na farkon rani ba.

Da sahur ɗumamen tuwon dawa ne da miyar kuka, sai ruwan randa da mutum zai yi ta ɗurawa har cikinsa ya yi ƙara in ya motsa. Kafin hantsi ya ɗaga duk ya tafi. Da azahar ƙasa takan ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmin roba, kaji su buɗe baki a gindin rumbu, Inna ta jiƙa tsohon zane ta lulluɓa ta kwanta a ƙasan ɗaki. Rijiyar unguwa sai a jira ta taru, guga ya fito da rabin laka. Miyau yakan yi kauri har mutum ya daina magana don kada ya motsa harshe. Wani yammacin hadari ya haɗo ta gabas, iska ta kawo ƙanshin ruwan da aka yi a wani wuri, kowa ya fito yana kallo, kafin magariba ya watse. Buɗa baki kunun tsamiya ne, ba ƙosai, wake ya ƙare tun kafin azumi. Ni nake kai wa Kawu ƙwaryarsa kafin a kira salla.

Albasarmu ta fara yin kai, lokacin da ta fi bukatar ruwa, amma ranar rabonmu fangali biyu cikin uku kawai ke jiƙa kafin a kashe inji. Ganye ya fara yin fari daga tsini. Akwai tsohon ramin jigo a kusurwar lambunmu, wanda kakana yake ɗiban ruwa kafin zuwan inji, shi ma ya ƙafe ƙaf. Ranar bakwai ga wata, muna shan kunu a tsakar gida, Baba ya dube ni ya ce shekara uku ina karatun ruwa, ga ruwa ya gagari gidanmu, ko littattafan nan za a jiƙa a zuba wa albasa. Bai ɗaga murya ba. Inna ta ce a bar ni in sha kunu. Na kasa shanyewa.

Washegari na zauna da takarda da fensir. Fasa bakin lambu ba ranar rabo ba bai yiwuwa, danyar laka za ta tona asiri. Huda gefen hanyar ruwa ma haka, ƙasar ta taurare, mutane na bi ta kai. Amma tsakanin hanyar da lambunmu akwai shingen ƙaya mai kauri, kuma ramin jigo yana ƙasa da hanyar da fiye da tsayin ƙugu. Tiyo zai haura ta ƙarƙashin ƙaya ya sauka a ramin. Matsala ɗaya ce, in an kashe inji hanya ta bushe, iska za ta shiga tiyon, aiki ya tsaya har sai an sake cika shi. Kwana biyu ina juya wannan a kaina kafin na gano mafita. In binne ƙaramar tukunya a ƙasan hanyar ruwa, bakin tiyo a can gindinta. In ajiye wata a jikin bangon ramin jigo, bakinta ya ɗan fi gindin ta farkon tudu, amma ya gaza saman ruwan hanya. In ruwa na gudu, ta biyun ta yi ta ambaliya cikin rami. In ya ɗauke, ruwan tukwanen ya daidaita ya tsaya cak, bakunan tiyo duka a nutse, iska ba ta da mashiga. Ruwa na dawowa zai ci gaba da kansa.

Har yau ban taɓa ƙirƙiro abin da na ji daɗinsa kamar wannan ba. Kuma na san ruwan wa zai sha. Ranar lambuna na sama ruwa ba ya isowa wajenmu. Ranarmu namu ne. Rana ɗaya ce kawai ruwa ke wucewa ta gaban shingenmu zuwa wani wuri. Na gaya wa kaina kashi ɗaya cikin huɗu zan ɗiba, Kawu ba zai ma lura ba.

Ranar Juma'a ce rabonmu. Da aka kashe inji, maza suka wuce Wudil masallaci da kasuwa, na ce kaina na ciwo. Na kwance tiyon da Baba ke zuƙo mai da shi daga duro, na haɗa da wani tsoho na ɗaure mahaɗin da robar tayar keke, na ɗauko tukwane biyu a bayan madafin Inna. Fadama babu kowa, ko tsuntsu ba ya motsi. Na haƙa, na binne, na cika tiyon a sauran ruwan da ya kwanta a hanya, na rufe bakin tukunya da fasasshen kasko da 'yan duwatsu, na shafe da laka, na ja ƙaya na rufe sauran. Ƙaya ta yayyage mini hannu. Na rasa Juma'a a ranar.

Asabar da hantsi aka saki ruwan Kawu. Na tsaya a bakin ramin jigo ina jin ɗigarsa a ƙasa, a hankali, babu yankewa. Kafin azahar ramin ya kai gwiwa. Baba ya leƙa ya daɗe yana kallo, ya ce Allah ya dawo da idon ruwan kakanka. Da la'asar muka ɗaura guga muka shayar da fangalin da bai samu ba.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne yashi. Ruwa mai yawa yakan jiƙa shi ya wuce. Ruwa kaɗan kuwa tafiyarsa ba sauri, yashi ya samu lokacin shanye shi. Na hango Kawu tsaye a bakin lambunsa da fartanya, yana jira. Abin da ya iso masa bai fi kaurin igiyar guga ba, fangali uku ya jiƙa cikin ashirin da wani abu. Da na kai masa kunu ya ce yau inji bai yi kirki ba, Allah ya kai mu zagaye na gaba. A ranar na gane ba kashi ɗaya cikin huɗu na ɗauka ba, kusan duka ne. Ban cire tiyon ba.

Bayan an sake yin haka karo na biyu, Kawu ya kai kuka wajen Malam Garba. Aka taru a gindin tsamiya bayan la'asar. Malam Garba ya ce ya bi hanyar da ƙafarsa tun daga inji, duk bakuna a toshe suke da busasshiyar laka, babu wanda ya taɓa. Sai Kawu ya ce me ya sa ake wahala alhali ga mai ilmin abin a zaune.

"Injiniya, kai ka karanta. Gaya mana ina ruwan nan yake tafiya."

Na miƙe na ɗauki tsinke na zana musu a ƙasa. Na ce ruwa yana barin inji da ƙarfinsa, amma gugar da yake yi da ƙasa da gefen hanya tana cinye ƙarfin nan taki bayan taki. Na ce in ruwa ya ragu zurfinsa ya ragu, in zurfi ya ragu gudu ya ragu, in gudu ya ragu rana ta ɗebi nata, yashi ya ɗebi nasa. Na ce gangaren filin nan bai isa ba tun asali, yawan ruwa ne yake rufa masa asiri a shekarun baya. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki, kowace tana cikin littafi, ita nake koyarwa yau. Dattawa suka yi ta gyaɗa kai. Malam Garba ya ce lallai karatu ya yi rana.

Kawu ya tambaya ko akwai magani. Da na ce babu, da an tashi a nan. Amma idanu na kaina, kuma ina jin daɗin yadda suke kaina. Na ce in aka shafe cikin hanyar da yumɓu yashi ba zai samu sha ba, ruwa kuma zai fi santsin tafiya. Kawu ya ce zai yi, tun daga ina. Nan na tuna in ya fara daga sama zai tarar da tukunya. Na ce daga ƙarshen shingenmu zuwa nasa lambun, abin da ya bi ta gabanmu kuwa ni zan yi masa da hannuna. Aka yi ta sa mini albarka. Kawu ya ce wa Baba ya haifi ɗa.

Ya nemi gayya, amma kowa na fama da nasa lambun da nasa azumin. Shi kaɗai ya yi. Yumɓun yana wani busasshen kududdufi bayan gari, sai ya fasa shi da diga, ya cika kwando, ya ɗora a ka, ya ɗingiso zuwa fadama, ya kwaɓa da ruwan da ya ɗebo a ramin kogi, ya durƙusa yana shafawa da tafin hannu. Daga asuba har rana ta take, ya ɗan kwanta a gindin tsamiya, ya koma da la'asar. Ni na shafe nawa ɓangaren a yini ɗaya, na kewaye kaskon da kyau. Yumɓun da ya shafa da safe yakan tsattsage kafin yamma, ya dawo yana cike tsagar da yatsa. Wuyansa ya rame har ana ganin jijiyoyi. Inna ta fara ƙara masa kunu daga nata, ta roƙe shi ya bari sai bayan salla. Ya ce mata albasa ba za ta jira salla ba, kuma Injiniya ya ce zai yi.

Ya ɗan yi. Rabon da ya biyo baya fangali shida suka samu. Ya zo har gida yana murna ya gaya mini. Sauran fangalin kuwa ganyensu ya riga ya kwanta, in ka taɓa sai ya karye kamar tsinken tsintsiya. Namu lambun ya yi shar, har masu wucewa suna tsayawa su ce tsohon ramin nan akwai albarka.

Ranar ashirin da uku ga wata rabonsa ne. Zafin ranar ya fi na kullum, sama ta yi fari fat, babu iska ko kaɗan. Wajen ƙarfe goma sha biyu na hango kwando a yashe a tsakiyar filin yashi, ban ga mai shi ba. Na ƙarasa na same shi kwance a gefen hanya, fuskarsa cikin 'yar siririyar ruwan, yana sha kamar akuya. Gemunsa duk laka. Jikinsa zafi rau, babu gumi. Na ja shi zuwa inuwa na jiƙa masa kai. Da ya dawo hayyacinsa ya dube ni ya kau da ido. Mutum ne da bai taɓa shan azumi ba tun balagarsa, ko da zazzaɓi.

"Na karya, Injiniya," ya ce. "Kada ka gaya wa Ladi."

Na ce ba zan gaya wa Inna ba. Na bar shi a gindin tsamiya na nufi shingenmu. Na durƙusa na cusa hannu ƙarƙashin ƙaya har na taɓa tiyon. Yana da sanyi, yana ɗan rawa da gudun ruwa. Ɗaga bakinsa kawai zan yi iska ta shiga, shi ke nan.

"Bar shi."

Baba ne a bayana, da guga a hannu.

"Baba, kun sani?"

"Tun Asabar ta farko. Wa kake tsammani yake ƙara masa ƙaya?"

Na ce Kawu ya faɗi, yana can kwance. Ya ce ya gani daga nan. Ya ce albasar Tanko ta riga ta mutu, in na cire yanzu ba tasa zan tayar ba, tamu zan kashe, saura ban-ruwa uku a cire ta. Sannan in gobe ruwa ya isa ƙarshe da ƙarfi, kowa zai tambaya ina yake tafiya a da, kuma kowa ya ji wanda ya tsaya a gindin tsamiya ya yi bayani.

"Uwarka za ka duba ka gaya wa, ko ni zan gaya mata?"

Na zare hannuna. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, da ya ce in bari, sauƙi na ji a raina. Ya miƙo mini guga, na karɓa, muka shayar da fangalin gabas.

Kawu ya yi kwana huɗu a kwance. Inna tana zuwa tana shafa masa ruwa, ni ina kai kunu. Da ya tashi bai koma ɗaukar yumɓu ba. Ya ce wa Malam Garba a daina ƙona mai saboda shi, a raba ranarsa ga sauran. Daga nan tiyon ya zama ba shi da abin sha, mu kuma muka samu ƙarin rabo a fili, kowa na gani.

Bayan salla da kwana biyu muka cire albasa. Ba mu taɓa samun irinta ba, manya, jajaye, masu nauyi. Aka shanya a tsakar gida har babu wurin taka ƙafa, warinta ya cika ɗakuna. Kawu ya tone fangalinsa shida ya samu abin da bai cika buhu ba, ƙanana kamar goro. Baba ya sa aka cika kwando da tamu ya ce in kai masa. Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya ce a gaya wa Baba Allah ya bar zumunci.

Ruwan farko ya sauka kwana tara bayan salla, da rana tsaka, da iska da tsawa. Yara suka fito tsirara suna tsalle, mata suka jera tukwane a bakin indararo, ƙasa ta tashi da wannan ƙanshi da muka yi wata biyu muna jira. Na tafi fadama cikin ruwan na zare tiyon na naɗe. Yumɓun Kawu yana narkewa yana bin yashi, fari-fari. Kafin yamma babu alamar an taɓa shafa wani abu a wurin.

Kawu bai tsaya shuka ba. Babu abin da zai ci har gero ya nuna, kuma ya ce ba zai zauna ƙanwarsa na raba cikinta da shi ba. Ya bar wa Baba lambun ya ce ya riƙe, ya hau mota zuwa Kano. Aka buɗe makaranta, na koma Zariya da kuɗin albasa. Ni da Baba ba mu sake tayar da maganar ba har ya rasu. Inna ma ta rasu tana cewa yashi ne ya kori ɗan'uwanta daga gari.

Sau ɗaya na ƙara ganin Kawu. Bayan na gama karatu zan shiga Kano karɓar wasu takardu, Inna ta ƙulla kuka da daddawa ta ce in nemi yayanta in ba shi. An kwatanta mini wata unguwa a bayan gari inda 'yan garuwa ke cika jarkoki a wani gida mai tanki. Na same shi a layi, riƙe da kura mai jarka goma, ƙafafunsa sun yi fari da ruwa, ɗingishin ya ƙaru. Ya gan ni ya saki kurar ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya tambayi Ladi, ya tambayi Baba, ya tambayi Malam Garba da lambu, ɗaya bayan ɗaya, bai bar kowa ba. Ya wanke murfin jarka ya cika mini ruwa na sha.

Sai ya kira abokan aikinsa ya ce su zo su ga ɗan ƙanwarsa da yake ba su labari, injiniyan ruwa, wanda ya zana a ƙasa ya nuna wa dattawan Darki abin da ya kashe masa lambu, alhali duk sun rasa gane kansa. Suka kewaye ni suna gaisuwa. Na buɗe baki. Na yi niyyar in ce masa mu koma gefe akwai magana. Kafin in faɗa ya ja ni wajen tankin ya nuna mini tiyon da suke cika jarka da shi, ya ce ba ya sauri, rabin yini a layi yake ƙare musu, ko zan duba.

Na duba. Na ce ya yi tsawo da yawa, kuma ya lanƙwashe wuri biyu, a yanke rabinsa. Bai tambayi dalili ba. Ya aro wuƙa wajen mai rake, ya durƙusa a kan ƙafarsa mai ciwo ya yanke a gabana. Ruwa ya fito da ƙarfi har ya fantsamo mini a wando.

Ya ɗago ya dubi abokansa yana dariya.

"Ba na gaya muku ba?"